Kunnen Baƙo a Bakin Iyakarmu

Zuwa ga shugabannin rassa da magatakardansu da dukan 'yan jam'iyya na Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, da na garuruwan kasuwa tun daga Gaya har Magarya.  

Takardu sun yi ta zo mana daga rassa a kan gardama guda, watau maganar gidajen rediyon ƙasashen waje. Waɗansu 'yan'uwa sun ce a toshe su duka a huta, tun da yake na maƙiya ne. Waɗansu kuwa sun ce abin da Landan ko Faris ba ta faɗa ba bai faru ba, su kam can suke shan labari. Har mun ji an kusa ba hammata iska a wata rumfar mai shayi ran kasuwa. To, mun ga ya wajaba mu faɗi matsayinmu a fili, kuma ba za mu shafa wa kowa mai a baki ba: ɓangarorin nan biyu duk sun saki hanya. Amma kafin mu kai ga hukunci, bari mu ba ku labarin wani gida da ya yi shekaru a Kaduna, tafiyar yini guda a mota daga Maraɗi. Da yawanmu ba su taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa shi ya daɗe da jin namu.

GIDAN DA BA YA MAGANA

Ku sani, gidan rediyo iri biyu ne. Akwai mai magana, wanda kowa ya sani. Akwai kuma mai saurare, wanda ba ya kiɗa, ba ya karanta gaisuwar masu aure. Aikinsa kawai ya ji abin da gidajen rediyon waɗansu ke faɗi, ya rubuta, ya aika wa gwamnatinsa.

Ingila ce ta kafa nata a 1939, gab da yaƙin Hitila, ta damƙa shi a hannun BBC. A 1943 aka mai da shi wani ƙaton gida da ake kira Caversham, yamma da Landan. Amurka ta kafa nata a 1941, shi ne wanda aka sani da haruffan FBIS, kuma daga 1947 ya koma ƙarƙashin CIA, watau hukumar leƙen asirin Amurka. Da yaƙi ya ƙare, sai ƙasashen nan biyu suka raba duniya tsakaninsu kamar yadda mahauta ke raba sa: kai saurari nan, ni in saurari can, kowa ya ba ɗan'uwansa abin da ya ji.

To, me ya sa ba su zauna gida sun yi saurarensu ba? Dalili shi ne, manyan tashoshi masu gajeren zango muryarsu na ƙetare teku, amma 'yar tashar ƙasa matalauciya, wadda aka gina domin mutanenta kaɗai, ba ta isa Landan ko Washinton da kyau. In kana son ka ji abin da shugaba ke gaya wa talakawansa da harshensu, tilas ka matso da kunnenka kusa. Saboda haka Amurka ta kafa gidan saurare a tsibirin Ƙubrus domin ƙasashen Larabawa, da wani a tsibirin Okinawa domin ƙasar Sin da maƙwabtanta. Ingila ta kafa nata a Nairobi domin Afirka ta Gabas. Mu kuwa na Afirka ta Yamma, a farkon shekarun 1960, daidai lokacin da muke murnar saukar da tutar Nasara, sai Amurka ta dasa mana kunne a Kaduna.

Ga yadda ake aiki a irin gidajen nan a wancan zamani. A fili an kafa dogayen sanduna an ja wayoyi. A ciki akwatunan rediyo ne jere, kowane da ma'aikaci mai abin ji maƙale a kunne, ana canjin aiki dare da rana. Ma'aikacin ya san harshen da ake magana da shi, ko Faransanci, ko Larabci, ko harshen ƙasa. In aka fara labarai ko jawabin shugaba, sai ya ɗauki maganar a na'ura, ya juya ta zuwa Ingilishi. A kan takardar sai ya sa sunan tashar, da ranar, da ƙarfe nawa har da minti. Wani babba ya duba, a buga ta wayar ƙarfe. Kafin rana ta faɗi magana ta isa Washinton, an kuma ba Ingila kwafinta. Kashegari ta fito cikin ɗan littafin da ake bugawa kullum domin ministoci da jakadu da manyan soja.

Kada wani ya ɗauka wasan yara ne. Ran 28 ga Oktoba 1962, sa'ad da duniya ke bakin yaƙin ƙare-dangi a kan makaman da Rasha ta girke a Kuba, shugaban Rasha Kurushob ya ba da amsarsa ta Rediyon Mosko cewa zai kwashe su. Masu sauraren nan su suka kama maganar, suka juya ta, ta isa ga shugaba Kenedi kafin takardar jakada ta iso. Wanda ya ga wannan ya san abin da ya sa ake zuba wa aikin kuɗi.

ABIN DA KUNNEN YA TARAR

Ku tuna irin shekarun da gidan Kaduna ya zauna cikinsu. A Disamba 1963 rigimar tsibirin Lete ta kai gwamnatin Yamai ga korar ma'aikata 'yan Dahome, Dahome kuma ta tare hanyar kayanmu daga Kwatano. A Oktoba 1964 mayaƙan Sawaba suka ƙetaro iyaka. A Afrilu 1965 aka jefa wa shugaba Diori Hamani gurneti a filin idin babbar salla. A 1966 soja suka yi juyin mulki sau biyu a Najeriya, suka kuma tumɓuke Nkrumah a Gana. Daga 1967 zuwa 1970 yaƙin Biyafara. A Afrilu 1974 Seyni Kountché ya kifar da Diori. A duk waɗannan al'amura, gwamnatoci ta rediyo suke wa jama'a magana, sojan da ya ƙwace mulki kuwa gidan rediyo yake fara nufa. Mu mun ji, mun kama baki, mun tafi gona. Akwai waɗanda aka biya domin su ji su rubuta.

Mun san abin da 'yan boko masu kare Nasara za su ce. Za su ce, ai maganar da aka saki a iska ba ta da mai ita, wanda ya tsince ta bai yi sata ba. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Ba ɗakin kowa suka fasa ba. Amma mu tambaye su: a hannun wa littafin yake? Yau in jakadan baƙo ya zauna da ministanmu a kan ma'adini ko bashi ko sansanin soja, shi yana da abin da shugabanmu ya faɗa shekara uku da suka wuce, da abin da maƙwabcinmu ya mayar masa, da ranar da muryarsu ta fara canzawa. Ya san wanda ke fushi da wa, ya san inda ɓaraka take. Namu ministan kuwa ya zo da abin da ya iya tunawa. Wane ciniki ne za a yi tsakanin mai awo da mudu da wanda ke ƙiyasi da ido? Har wa yau, ɗalibinmu da ke son ya san kalmomin da rediyon ƙasarsa ta faɗa a waɗancan shekaru, sau da yawa sai ya nemi fassarar Ingilishi a ɗakunan karatu na ƙasashen Turai da Amurka. Maganar kakanninmu ce, amma a rumbun wani take. Wannan shi ne abin kunyar, shi ne kuma ƙararmu.

Ba mu zagi ɗan ƙasa da ya ci abinci da irin aikin nan ba, kowa da bakin da yake ciyarwa. Amma Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Harshenmu aka saya da albashi, aka auna mu da shi.

A tsakiyar shekarun 1970, sa'ad da Najeriya ta yi tsayin daka da Amurka a kan maganar Angola, gwamnatin soja ta Legas ta rufe gidan sauraren nan na Kaduna. Mun yaba, domin ƙasa mai 'yanci ita ke da ikon cewa wa zai kafa sanda a filinta. Amma ku lura da abin da ya biyo baya. Kunnen bai mutu ba, ƙaura ya yi, daga baya aka buɗe wani a Abijan. A 2005 Amurka ta canza wa ma'aikatar suna da tsari, a 2018 BBC ta tashi daga Caversham ta koma cikin Landan. A zamanin nan na intanet ba a ma bukatar doguwar sanda a bakin iyaka. Abin da gidan rediyon Maraɗi ya sa a Facebook, mutum na zaune a Turai zai ji shi tare da mai shayin bakin tasha.

GA MASU CEWA A TOSHE

To, 'yan'uwa masu cewa a rufe tashoshin waje, ku ji da kyau. In an toshe, kunnen wa aka toshe? Na baƙo yana nan garau, yana jin mu kamar jiya. Talakan Tasawa da na Madawa shi aka mayar kurma.

Kuma ku duba wanda ya fara wannan dabara. A 1953 Masar ta buɗe Muryar Larabawa, ta yi ta kiran waɗanda ake mulka su miƙe. A Nuwamba 1956, cikin yaƙin Suwes, jiragen Ingila suka yi ruwan bama-bamai a kan na'urorin watsa labarai na Rediyon Alƙahira. A ƙarshen wannan shekara 'yan gwagwarmayar Aljeriya suka buɗe tasu muryar. Me Faransa ta yi? Ta sa na'urori suna ƙara a kan zangon domin kada a ji, ta kuma hana sayar da akwatin rediyo sai da takardar izini. Shin ta hana Aljeriya samun 'yanci a 1962? Toshe kunnen talaka sana'ar ɗan mulkin mallaka ce. Jam'iyyar da ta ce ita ta talakawa ce ba ta gadon sandar da aka doki ubanta da ita.

A nan gida ma mun ɗanɗana. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, wadda Djibo Bakary da Sawaba suka nemi a ce a'a, aka haramta Sawaba a 1959. Ƙasa ta zauna da jam'iyya guda da rediyo guda. Mutane ba su daina son labari ba, sai suka koma murɗa akwati da dare suna neman Akra da Alƙahira, abin da suka tsinta rabi da rabi kuwa ya zama abin raɗa a kasuwa. A Agusta 2023 hukumomin Yamai suka dakatar da RFI da France 24, a Disamba 2024 kuma suka dakatar da BBC na wata uku. Muna da namu ƙorafin a kan tashoshin nan, mun kuwa sha faɗa. Amma ku da ke zaune a kasuwanni ku ne shaida: in aka rufe tashar da ke da suna da adireshi, wadda in ta yi ƙarya za a iya nuna ta da yatsa, abin da ke cike gurbinta shi ne saƙon murya na WhatsApp, wanda ba a san uwarsa ba balle ubansa.

GA MASU HAƊIYA BA TAUNA

Ku kuma masu cewa in Landan ta faɗa shi ke nan, ku zo nan. BBC ta fara Hausa a 1957. Ba a daɗe ba Alƙahira da Mosko da Akra da Jamus suka shigo, Sin ta fara a 1963, Muryar Amurka a 1979, Faransa a 2007. Kuna tsammani son jin daɗin karin harshenmu ne ya sa gwamnatocin nan suka kashe dukiya haka? Ruwa ba ya tsami banza. Kowace tasha da mai biyan kuɗin wutarta. Ba lalle ta yi ƙarya ba, sau da yawa ma gaskiya take faɗi. Amma ita ke zaɓen wace gaskiya za ta sa gaba, wace za ta bari a ƙarshe, wace kuma za ta yi shiru a kanta.

In kuna son ku ga abin da haɗiya ba tauna ke jawowa, ga shi. A 1966 zaman Najeriya ya riga ya yi tsami, an zubar da jini tun watan Mayu. A ƙarshen Satumba sai Rediyon Kwatano ta ba da labari cewa ana kashe 'yan Arewa a jihar Gabas. Gidan rediyon Arewa da ke Kaduna, watau mai magana, ba na sauraren Amurka ba, ya ɗauko labarin ya maimaita wa jama'a. Cikin 'yan kwanaki aka auka wa Ibo mazauna Arewa da kisa mafi muni, dubbai suka mutu, ɗaruruwan dubbai suka bar gidajensu da shagunansu suka gudu. A Gabas ma aka rama a kan 'yan Arewa. Shekara ba ta zagayo ba yaƙin basasa ya ɓarke. Ba mu ce labarin nan shi kaɗai ya haddasa abin ba, itacen ya riga ya bushe. Amma ashana ce aka ƙyasta daga wata ƙasa, aka miƙa ta hannu zuwa hannu, ba wanda ya tsaya ya ce: wa ya gani? Magana zarar bunu ce.

Mu mutanen bakin iyaka wannan darasi namu ne fiye da kowa. Wane gida ne a Maraɗi ba shi da dangi a Katsina? Wane ɗan kasuwar Damagaram ne ba shi da mai masauki a Kano? Kun ga yadda aka yi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka rufe iyaka, aka yanke wuta, aka yi ta barazanar yaƙi. A irin wannan lokaci, ƙarya guda da aka saki ran kasuwar Jibiya ko ta Kwanni ta isa ta sa a ƙone motar bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba.

ABIN DA MUKE SO RASSA SU YI

Matsayinmu ke nan: ba mu toshe kunne, ba mu kuma haɗiya. Za mu ƙwace dabarar mai saurare mu yi aiki da ita. Ba ta bukatar doguwar sanda. Akwati guda, da batir, da littafin ɗan makaranta, da mutum mai haƙuri, sun isa. Ba baƙon abu ba ne ma a ƙasar nan: tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a Nijar, mutane na taruwa su ji shiri tare su tattauna. Waccan ta gwamnati ce. Wannan tamu ce.

Na ɗaya. Kowane reshe ya naɗa mutum biyu masu saurare, ɗaya da safe ɗaya da dare. A sa mata cikin aikin, domin su suka fi zama kusa da akwati.

Na biyu. Kowane labari da ya shafi ƙasarmu ko maƙwabtanmu a rubuta shi, da boko ko da ajami, tare da sunan tashar da ranar da ƙarfe nawa. A rubuta abin da aka faɗa, ban da abin da mai rubutu ya so a ce an faɗa.

Na uku. A kula da wanda tasha ta jingina wa magana. "Gwamnati ta ce" daban, "wakilinmu ya gani" daban, "ana cewa" kuwa ba kowa ba ne. In tasha uku suka faɗi abu guda amma duk daga bakin mutum ɗaya suka ɗauko, shaida guda ce, ba uku ba.

Na huɗu. A gwada ta gida da ta maƙwabta da ta nesa. Inda suka saɓa a ja layi a ƙarƙashi. A rubuta kuma abin da wata ta faɗa wata ta yi shiru a kai, domin shirun ma labari ne.

Na biyar. Labarin kisa ko na cin mutuncin wata ƙabila ko wani addini ko mutanen wata ƙasa, ɗan jam'iyya ba ya kai shi kasuwa, ba ya tura shi ta waya, sai an tambayi wanda ke wurin. Muna da direbobi da fatake da dangi a kowane gari, a tambaye su. Wanda ya karya wannan doka, reshe ya kira shi ya yi masa faɗa a gaban jama'a, ko shi wane ne.

Na shida. Daren kasuwa, bayan sallar isha'i, a karanta littafin mako a taron reshe, kowa ya faɗi ra'ayinsa. Ƙarshen wata magatakarda ya kwafi muhimman abubuwa ya aiko hedkwata ta hannun amintacce. Littafin da ya cika kada a ba mai ƙosai ta naɗe kaya da shi. A adana shi cikin akwatin ƙarfe saboda gara.

Wani zai yi dariya ya ce, me littafin dala ashirin zai yi a gaban na'urorin Amurka? Mu ba gasa muke da su ba. Su suna saurare domin su san inda za su taɓa mu. Mu za mu saurara domin kada a kora mu kamar tumaki, yau a ce mu ƙi wancan, gobe a ce mu rungume shi. Ranar da ɗan takara ko minista ko jakada ya zo garinku ya ce bai taɓa faɗin kaza ba, magatakarda ya buɗe shafi ya karanta masa rana da sa'a, ranar za ku san amfanin abin. Kuma muna kira ga kowace gwamnati da ke mulki a Yamai, ta yau da ta gobe, ta tattara muryoyin da ke ajiye a gidan rediyon ƙasa ta kiyaye su, ta buɗe wa ɗalibai ƙofa, domin jikokinmu kada su je ƙasar wani roƙon maganar kakanninsu.

Magabata sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Sun faɗi gaskiya, amma kunnen da ke tare da hankali suke nufi. Muna jiran littafin farko daga kowane reshe a ƙarshen watan gobe, reshen da bai aiko ba kuwa za mu buga sunansa a wannan shafi.

Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, sa'an nan ya miƙa takardar ga na gaba. Allah ya ba talaka sa'a. Haza wasalam.